Turanci a Kunne, Zafi a Garwa

Litinin, 15 ga Afrilu

Direkta ya kira ni ofishinsa bayan na sauka daga shirin manoma. Wata ƙungiya za ta horar da 'yan jarida na mako shida a Nairobi, kan yadda ake ba da labarin sauyin yanayi, kuma gidan rediyonmu na nan Garwa ya samu kujera ɗaya. Mu biyu ya zaɓa, ni da Cédric mai karanta labarai da Faransanci. Sharaɗin guda ne: jarrabawar sauraren Turanci ranar 11 ga Mayu. Za a sa mana muryoyi a kunne, mu amsa tambayoyi arba'in. Wanda ya fi maki shi zai tafi.

Na ce masa ya fara rubuta sunana tun yanzu. Ya yi dariya, ya ce, "Hindu ke nan."

Shekara tara ina wannan shirin. Hausa, Fulatanci, Faransanci, babu wanda ya ba ni wahala. Turanci na huɗu ne kawai. Na san Cédric ya yi jami'a a Buea, inda da Turanci ake karatu, amma bai taɓa taka gonar albasa ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Madam Aurélie maƙwabciyarmu, malamar Turanci a lise, wato sakandare, ta yarda ta taimaka mani. Kullum bayan la'asar, a gindin darbejiyar gidanmu. Ta turo mani muryoyi goma sha biyu a waya, duk a kan ɗumamar duniya, tunda irinsu za a kawo.

Na farko wani Bature ne, minti huɗu yana magana ta hanci. Abin da na kama: ruwa, shekaru, ƙanƙara, sai wata kalma da na sani tun ina lise da ma'anar zanen gado. Na haɗa su na gaya mata cewa labarin mutanen da ke kwana a kan ƙanƙara ne. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ashe shimfiɗar ƙanƙara ce mai girman ƙasa guda, can ƙuryar arewa, take narkewa tana ƙara wa teku ruwa.

Uku cikin goma. Ranar farko ce.

Asabar, 20 ga Afrilu

Biyar. Gobarar daji a Ostireliya. Su kuma waɗannan kamar da goro a bakinsu suke magana.

Talata, 23 ga Afrilu

Yau Madam ta ɓata mani rai. Ta tsayar da muryar a tsakiya ta ce na rubuta amsa tun mai maganar bai ƙarasa jimlarsa ba, alhali a ƙarshen jimlar ya ce "amma", ya juya maganar gaba ɗaya. Ta ce matsalata ba Turanci ba ce. "Ke ba kya sauraro. Jira kike mutum ya ja numfashi ki shiga."

Malama ce, na sani. Amma aikina ke nan. Minti ashirin da biyar ake ba ni. Idan na bar kowane manomi da ya bugo waya ya fara daga gaisuwar kakanninsa, yaushe za a ji farashin taki?

Shida cikin goma dai. Ana hawa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Abin mamaki ya faru, kuma har yanzu ban san yadda zan ɗauke shi ba.

Madam ba ta zo ba, sai na kunna muryar da kaina ba tare da abin kunne ba. Wata mata ce daga Bangladash, Turancinta a hankali, tana tsayawa tana neman kalma. Sau biyu na saurara ban gane abin da ya samu gonarta ba. Baba yana kwance a tabarmarsa kamar kullum, mafici a hannu, na ɗauka barci yake. Sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Gishiri ne ya ci mata shinkafa, Uwata. Ruwan teku ya shigo mata gona."

Na duba takardar amsoshi. Haka ne.

Shekarata talatin da huɗu a gidan nan. Na san kakanmu daga Kano ya zo da fatauci, na san Baba ya yi aiki a bakin kogin Binuwai kafin ya buɗe rumfar atamfa, shi ke nan. Ban taɓa jin Turanci a bakinsa ba. Ya ce shekara shida ya yi yana ƙidaya dilolin auduga da buhunan gyaɗa ga ma'aikatan jiragen ruwa da ke hawowa daga Najeriya da damina. A wurinsu ya tsinci Turancin, irin na bakin ruwa. Ya ce ƙahon jirgi idan ya busa, har unguwarmu ake ji. Ya fara ba ni labarin wata shekara da jirgi ya kafe a yashi, ya ambaci sunan direban ma, sai na ga lokaci ya tafi, ina da sauran muryoyi biyu. Na ce ya ajiye mani sai gobe.

Ya ce to. Ya ci gaba da fifita.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Takwas cikin goma! Tsibiran da teku ke cinyewa. Na ji kalmar maƙabarta, na ji cewa sun kwashe kaburburan iyayensu zuwa tudu. Madam ta ce yanzu na fara. Na ce da ma can na fara, ita ce yanzu ta lura.

Talata, 30 ga Afrilu

Cédric ya same ni a ɗakin haɗa shiri da wata takarda, kalmomin da ya ce suna yawan fitowa. Wai in kwafa. Na gode masa na ce ya riƙe abinsa, zai fi ni buƙata. Ya ninke takardarsa ya fita. Wataƙila da zuciya ɗaya ya yi. Ko ma dai mene ne, ba zan je Nairobi da takardar wani ba.

Zafi ya kai arba'in da huɗu yau. Kujerar moto, babur ɗina, ba ta zaunuwa sai an yayyafa mata ruwa. An ɗauke wuta tun hantsi.

Alhamis, 2 ga Mayu

Baba na asibiti.

Asabar, 4 ga Mayu

Sai yau na samu zama in rubuta. Ranar Alhamis ya tashi zai yi alwalar azahar, ya kai hannu ga buta, ya zube. Jikinsa kamar garwashi, amma ko ɗigon gumi babu. Yana kallona yana kiran sunan mahaifiyarsa, kuma ba irin kiran da yake mani na wasa ba. Madam Aurélie ce ta ji ihuna ta katanga. Mijinta ya kai mu a motarsa, ita tana baya tana jiƙa zane tana lulluɓa masa.

Ɗakin da aka kwantar da shi gado takwas ne, bakwai tsofaffi. Likitan ya ce ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma zafin ya taɓa ƙodarsa kaɗan. Ya ce tun watan jiya haka suke karɓarsu. Tsohon da ke gadon kusa da taga, wanda aka kawo daga Pitowa, ya rasu jiya da safe. 'Yarsa ta naɗe tabarmarta ta yi mana sallama da Fulatanci, har tana yi wa Baba fatan sauƙi.

Kwana uku ban kunna komai ba. Ba damuwa. Abin da ya shiga kunne ya shiga.

Litinin, 6 ga Mayu

Ya farfaɗo sosai, ya sha kunu kofi guda. Da rana ya tambaye ni ina mutanen nan na cikin waya. Na ce Baba, nan asibiti ne. Ya ce ai kunne biyu gare shi, abin kunnen ma biyu ne. Na sa masa ɗaya na sa ɗaya.

Wani makiyayi ne daga Kenya, ta bakin tafinta, yana lissafa shanun da fari ya kashe masa. Da ya kai wani wuri sai ya yi shiru. Na ɗauka muryar ta ƙare, na kai yatsa zan tsayar. Baba ya riƙe mani hannu. "Bai gama ba." Muka jira. Can sai mutumin ya ce ta ƙarshen ita ce wadda ya ba 'yarsa ranar da aka haife ta.

Wannan ba ya cikin tambayoyin ma.

Tara cikin goma.

Alhamis, 9 ga Mayu

An sallame mu. An yi yayyafi da yamma, ƙasa ta yi ƙamshi, masu bugo waya sun ce a yankin Gider har wasu sun fita shuka. Jibi jarrabawa. Na shirya. Na ɗauko jakar tafiya daga saman kabad na kakkaɓe ta, don kawai in ga ko zif ɗin na aiki.

Asabar, 11 ga Mayu

An yi.

Mu goma sha huɗu daga gidajen rediyo daban-daban, kowa da kwamfuta da abin kunne. Cédric yana layin gabana. Kashi na farko da na biyu kamar shan ruwa: narkewar ƙanƙara, ambaliya a Pakistan. Har murmushi nake.

Kashi na uku wata likita ce daga Indiya, tana bayanin abin da tsananin zafi ke yi wa tsofaffi. Ta ce alamar da ta fi hatsari ita ce idan gumi ya tsaya. Ta ce sukan rikice su kira sunan wanda ya daɗe da mutuwa. Ta ce da yawa a tsakar gidansu suke faɗuwa, da mutane kusa da su, ba wanda ya lura tun da wuri.

Kowace kalma na ji. Ba wadda ta wuce ni, wallahi ko ɗaya. Sai da muryar ta ƙare na ga ban taɓa komai ba, kuma shafin ya riga ya wuce. Tambaya huɗu a banza.

Kashi na huɗun na yi shi da kyau. Ina ganin zan haye duk da haka.

Laraba, 15 ga Mayu

Cédric talatin da biyar. Ni talatin da uku.

Direkta ya fara wani dogon bayani na lallashi, na ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Na je har teburin Cédric na yi masa barka, kuma da gaske nake. Ya ce zai turo mani duk abin da aka koya musu. Wannan karon na ce to.

Huɗun nan da na bari, da na taɓa uku ma. Na sani, kuma ya isa. Mako huɗu da suka wuce ban iya gane gaisuwa a Turanci ba sai an maimaita. Baɗi akwai wani horon, kuma ba za a samu mai ja da ni ba.

Madam ta ce mu ci gaba da zaman la'asar. Na ce zan duba. Baba ya ce shi dai yana nan a tabarmarsa, mu muka sani.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na dawo daga Gider ɗazu, duk jikina ciwo saboda hanya. Na je ɗauko muryoyin manoma don shirin Litinin. Yayyafin watan jiya ya yaudare su: sun shuka, ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, tsiron ya ƙone. Wasu sun sake, ya sake ƙonewa.

Na yi niyyar ɗaukar mutum shida, minti uku-uku, kamar yadda na saba. Na fara da wata dattijuwa, Inna Achta, tana zaune a bakin gonarta da ƙwarya a cinya, tana tsince irin dawa. Na tambaye ta sau nawa ta shuka bana. Ta ce biyu, wannan na uku ne, kuma shi ne ƙarshen abin da ke rumbu. Amsar da nake nema ke nan, da a da ne da na tashi, amma na zauna.

Ta yi shiru tana juya ƙwaryar. Can ta ce irin na mahaifiyarta ne, jar dawa mai wata huɗu, da shi aka kawo ta gidan miji. Ta ce 'ya'yanta sun matsa mata ta karɓi sabon iri mai saurin nuna, kuma ta san gaskiyarsu ce, damina ba ta kai wata huɗu yanzu. Amma idan ta daina shuka wannan, babu mai shi kuma a duk ƙauyen. Ta ce ta raba gonar biyu ba ta gaya musu ba. Daga nan ta shiga lissafa mani shekarun da ruwa ya yi gardama tun tana amarya, kowace da sunan da suka sa mata, da wanda aka haifa a cikinta, da wanda ya tafi kudu bai dawo ba. Da na duba na'urar, rana ta yi sama, sauran biyar ɗin sun gaji sun koma gonakinsu.

Saleh mai haɗa mana sauti ya saurara a ofis. Ya cire abin kunne ya dube ni, ya ce minti arba'in da ɗaya ne, kuma ya nemi muryata bai samu ba sai a farko da wurin godiya. Ya tambaya ko makirufona ne ya lalace.

Na ce maƙogwarona ke ciwo.

Na roƙi Direkta ya ba ni shiri biyu a jere, don ban ga inda zan yanke ba. Ya ce zai duba. Zai bayar.