A Dawo Mini da Sawun Maigidana

Zuwa ga Babban Likita mai jagorancin binciken motsin hannu da ƙafa na masu shanyewar ɓarin jiki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Ni matar ɗaya daga cikin mutanen da kuka auna ce a nan Gombe. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga kuskure ka rufa mini asiri. Na biyo ta jarida ne don na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinku.

Sunan maigidana yana kan katin asibitin da na bar wa akawunku. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunan nan ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Za ka tuna shi: dogon Bafillacen nan mai awon auduga, wanda ɓarinsa na hagu ya shanye a shekarar da motoci suka koma hannun dama. Shi ne ya karɓi ƙarfen nan naku mai kama da almakashi, wanda kuke ɗorawa a gwiwar hannu, ya jujjuya shi, ya tambaye ka ko an taɓa gwada gaskiyarsa. Allah ya yi masa rasuwa a watan Rajab. Na gama takaba.

Maganata uku ce. Biyu gyara ne, kyauta na ba ku. Ta ukun ita ce kukana.

Ta ɗaya, awon hannu. Duk ranar Talata sai ku ɗaga masa hannu a hankali, ku ce in ya ji zafi ya faɗa, a nan za ku tsaya ku rubuta. Ranka ya daɗe, wa ya gaya muku Bafillace zai ce ya ji zafi, a gaban baƙi, ga kuma matarsa a tsaye? Mutumin da kunama ta harbe shi a masallaci bai ko motsa ba, sai da aka sallame ya ce wa na kusa da shi ya ɗan gyara zama! Kuna ta ɗagawa, yana ta murmushi, kuna ta murna kuna rubutu. Ni ce nake kai shi gida in yi ta gasa masa kafaɗar da ruwan zafi, ina shafa man shanu har zuwa Alhamis. Na taɓa yi muku magana daga bakin ƙofa, aka ce mini sai an gama. To, duk abin da kuka rubuta a kan hannun nan ku rage. Da kun kalli kunnensa da kun gane: in zafi ya kai masa, sai kunnen ya riƙa motsi.

Ta biyu, awon tafiya. Kuka ja layi da alli, ka riƙe agogonka mai maɓalli, ka ce ya yi iya saurinsa. Dattijo ba ya sauri a gaban mutane, sai ka ce wanda bawali ya matsa. Ya yi muku tafiyarsa ta zuwa ɗaurin aure, kuka rubuta ƙafa ba ta ƙaru ba. Da ka zo gidanmu a Herwagana ranar da akuya ta saka kai a buhun dawarsa, da agogon naka ya ji kunya. Wannan kuma ku ƙara.

Ta uku, takardar sawu. Ka tuna ranar da kuka fara shimfiɗa doguwar takardar nan kamar turmin atamfa, kuka ce za a shafa wa kowa tawada a tafin ƙafa ya taka? Duk masu jira suka janye ƙafafunsu cikin riga, don kowa ya san abin da ake nufi in an ce an ɗebi sawun mutum. Maigidana ne ya fara tuɓe takalmi. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora kayan mutane a sikeli, abin kunya ne ranar da aka zo kansa ya gudu. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in kun gama a ba shi abinsa. Ka ce to, da bakinka, da Hausarka mai daɗin nan. Bayansa ne sauran suka yarda.

A takarda ta farko ƙafar hagu ba ta fito ba, wani dogon ja ne kawai, kamar an ja tsumma. Wata bayan wata jan yana raguwa. A ta ƙarshe, wadda aka yi kafin azumin bara, sai ga yatsu biyar sun fito ras, ga dunduniya. Ya tsaya yana kallo har tawadar ta bushe masa a ƙafa. Ranar, tun daga asibiti har gida, bai yarda na riƙe shi ba.

Sau uku ina zuwa neman takardar nan, maƙwabciyata Maman Ladi tana raka ni don ita ke jin Turanci. Na farko akawu ya ce ba ka nan. Na biyu ya ce kayan bincike ne, an loda su a sabuwar motarku an kai babban asibiti. Na uku ya tambaye ni me zan yi da tsohuwar takarda, Maman Ladi ta tambaye shi me zai yi da bakinsa, muka fito.

Ga abin da zan yi da ita. Da farko, a unguwa ana ta tsegumi wai sawunsa da aka ɗauka ne ya ci shi. Ni ban yarda ba, kwana ne ya ƙare. Amma matan waɗanda suka taka a bayansa sun daina amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma muddin takardun nan suna hannunku ba ni da bakin kare shi. Sannan maigidana bai taɓa yarda an ɗauki hotonsa ba. Rigunansa an raba. Ba abin da ya rage mai siffarsa sai wannan.

Saboda haka ina roƙo. Ku kwafi abin da za ku kwafa, don shi ma ya so aikin ya amfani wasu, ku aiko wa kowa da tasa. In duka sun yi yawa, ni ta ƙarshen ta ishe ni. A naɗe ta, kada a ninke, don kada layi ya ratsa yatsun. Kuma a hanzarta, don da an gama girbi yayana zai zo ya mai da ni ƙauyenmu, can kuwa wasiƙa ba ta zuwa.

In kun ce takardun sun cakuɗe, ba ku san wacce ce tasa ba, ku aiko a kira ni. Shekara talatin ina sharar sawun nan a tsakar gida kowace safiya. Ko cikin dubu zan fitar da shi.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa aikinku ya tashi guragu, ya raba ka da ciwon da za a auna ka. Shi kuma Allah ya jiƙansa.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Dija, Herwagana, Gombe.