Ranar da Ka Juya Mini Barmu

Zuwa ga taubashina Isuhu, ɗan Gwaggo Hajo, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da sana'arka. Mu nan Tawa lafiya lau, sai zafi. Gwaggo tana gaishe ka, ko da yake ba ta san da wannan takarda ba. Matata Ramatu ce ke buga mini ita a waya, ni ina faɗa, don ka san idona ba ya kai wa nan yanzu. Na sa ta a fili inda kowa zai karanta, tunda kai ma a fili ka sa naka.

Bari in faro daga farko, saboda masu karatu.

Shekarar da likita ya ce mini ciwon idon nan daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, na ajiye alli na bar aji, ko da yake har yau mushe ake kirana, yadda ake kiran malamin boko a nan. Wata huɗu ban leƙa fada ba, majalisarmu ta hira da shan shayi. Ina zaune a zaure kamar buhun gero, sai an ɗaga ni. Kai ne ka shigo wata rana bayan la'asar, ka fizgi hannuna, ka ce, "Tashi, mushe, makahi na gaske ma suna hita shan shayi." Na zage ka, amma na tashi.

A fada akwai tsohuwar telen nan ta kallo da na'urar wasa, da wasan tseren 'yan ƙananan motoci marasa rufi da muke yi tun muna samari. Cikin hanyoyinsa duka guda ɗaya ce tamu, wadda ke ratsa jajayen duwatsu kamar an ɗebo tudun Adar an zuba cikin tele. Mun daɗe da raɗa wa kwanoninta sunayen garuruwanmu. Doguwar kwanar farko mai karkata dama, Bambeye. Matsattsiyar kwanar hagu a bakin rami, gab da gadar da ba ta da shinge, Barmu. Sai miƙaƙƙen yashi inda ake danne wuta har ƙarshe, Tebaram.

Ka danƙa mini manet, abin tuƙa motar wasan, a hannu. Na ce maka ba na ganin komai sai ja-ja da walƙiya. Ka matso har kafaɗarka ta taɓa tawa, ka ce, "Kai dai riƙa, ni ad da ido." Daga nan kai kake kiran suna, ni nake juyawa. Motoci takwas ne suka tashi, na zo na takwas. Amma na tsallake layin ƙarshe da hannuna. Na ce zan je in kama ruwa, na zaga bayan katanga na yi kuka. Ban taɓa faɗa maka ba.

Kafin wata biyu har Salisu mai gyaran babur nake wucewa, shi da idonsa biyu garau. Na koma zuwa kasuwa ni kaɗai. Ramatu ta ce har abincina ya ƙaru. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake Allah ya ba ni ɗan'uwa.

Sai watannin ƙarshe kafin tafiyarka abin ya fara ɓaci. Wata rana lafiya lau. Washegari ka kira Bambeye, in karya dama, in ji na daki dutse. Ka kira Barmu, in karya hagu yadda na saba, sai in ji ƙarar nan ta faɗawa rami. Fada ta yi tsit, sai wani ya kama tari. Kai kuwa ka dafa ni ka ce, "Ba komi, mushe, yau hannunka ya gaji."

Na yarda da kai, Isuhu. Na ɗauka ciwon ya bar ido ya shiga kai. Na koma wurin likita na tambaye shi ko wannan cuta tana sa mutum ya rikita dama da hagu. Ya gwada ni, ya ce ƙalau nake. Ban yarda da shi ba, don shi ba ya zama fada. Na kai ga in tsaya cak a tsakiyar alwala ina tunanin wane hannu ne na fara wankewa. Na sa Ramatu ta ɗaura mini zare a wuyan hannun dama, don kada in kai hagu cikin akushi a gaban baƙi. Na daina zuwa kasuwa. Kai da kanka ka ga zaren, ka tambaya, na faɗa maka dalili, ka ce Allah ya sawwaƙe.

Ranar tafiyarka na raka ka tasha da zaren a hannuna. Na yi maka addu'ar da ban yi wa kowa irinta ba.

Bayan Sallar nan da ta wuce, sai ga bidiyo ka turo gurup ɗin 'yan fada, ka rubuta wai tuna baya. Ramatu ta kunna mini. Na ji muryarka tana kiran Barmu, na ji faɗuwata, na ji dariyar da ake toshewa da hannu. Na tambaye ta me ake wa dariya. Ta sake kallo har sau uku, sannan ta ce ta ga ka danna wani abu kafin ka miƙo mini manet, ka ɗora yatsa a baki kana kallon mai ɗaukar hoto. Na aika aka kira Salisu. Bai yi gardama ba. Ya ce wasan yana da wurin da ake juya hanya kamar a madubi, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Ya ce ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyar ba. Na ce ya tashi ya tafi.

Bidiyon bai tsaya a gurup ba. Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu, wanda ni na koya wa riƙon alƙalami, ya wuce ni yana ihun "Mushe, Barmu!" Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da ya gani ya ba shi dariya.

Na san abin da za ka ce: wasan taubasai ne. Kada ka koya mini wasan taubasai. Ni na zuba maka barkono a fura ranar da ka kai gaisuwar surukai. Kai ka sa takalmana a gwanjo ranar sunan 'yata, sai da na fanshe su da goro. Bawana nake kiranka a gaban kowa, kai ma haka. Amma namu a fuska ake yinsa. Wanda aka yi wa ya san an yi masa, ya yi dariya, ya tafi ya shirya ramuwa. Wannan kuwa shekara guda da rabi ina yawo da zare a hannu, kai kana da maganin a bakinka, kalma ɗaya tak.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ka taɓa kiran sunan ƙarya ba. In ka ce Barmu, Barmu ɗin ce. Ka bar ni ne in faɗa rami da yardar da na yi maka. Ka ci amanata, Isuhu. Ba ni da wata kalma mai laushi da zan sa a wurin.

Ramatu, da ba ta taɓa riƙe manet ba, ta aro na'urar ta kawo gida, ta zauna ta koyi kwanonin nan uku don in koma wasa. Tana kira daidai. Amma duk sa'ad da ta ce Barmu, sai babban yatsana ya tsaya, in ji bakina yana tambayarta ko ta duba ba a juya ba. Matar da ba ta taɓa ɓoye mini ko farashin gishiri ba. Yanzu haka ta tsaya da bugawa tana cewa in cire wannan wurin. Na ce ta bar shi, shi ne ɓarnar da nake so ka gani.

Ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai maganar da ta sa ban iya yin shiru. Likita ya ce ciwon nan yana bin jini. Ka tuna yadda Kaka ya ƙare yana lalube da sanda. Ga ni. Gwaggo ma ta fara tuntuɓe da abin da ke gefenta, jibi za mu kai ta a duba. Ba ya ciwo, ba ya sallama, sai ya ci rabi mutum yake farga. Ka ajiye teburin sana'arka yini ɗaya ka je a auna idonka, don Allah, ɗan Gwaggo. Ina fushi da kai, amma ba na so ka san abin da na sani.

In an ce lafiya, mun gode Allah. In kuwa an ga wani abu, kada ka zauna a ɗakin haya kai kaɗai. Ka dawo gida. Na haddace hanyar nan da kunne, na san ƙarar taya a kan dutse da ƙararta a kan katakon gada. Zan zauna kafaɗata a jikin taka in kira maka. In na ce Barmu, ka karya hagu ba tare da tambaya ba.

Allah ya tsare maka ganinka, ya ba ka abokan zama masu riƙon amana, ya wanke mini zuciya a kanka kafin mu haɗu. Amin.

Taubashinka,
Abdu, wanda ya zo na takwas.