A Cire Sunana Daga Lasifikar Mai Hodar Wake

Zuwa ga Mai Girma Farfesa, Shugaban Ɗakin Gwaje-gwajenmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina neman afuwa da na fito da maganar nan fili. Sau biyu na rubuto maka ta ofis, sau ɗaya na wuni a ƙofarka har sakatare ya ce in dawo wani makon. Tura ce ta kai bango.

Ni ce Rabi, 'yar garin Turawa na ƙasar Ƙaraye, mai rainon ƙwayoyin halitta a ɗakinka shekara shida ke nan.

Na ɗaya. Da damina wani kamfani ya kawo mana hodar adana wake, wai tana hana ƙwari cin buhu. A cikinta akwai azurfa da aka mayar mitsi-mitsi, irin wadda ake kira nano, ko madubin ƙara girma na ɗakinmu ba ya ganin ƙwara ɗaya. Abu in ya kai haka ƙanƙanta yana iya kutsawa cikin ƙwayar halittar jikin mutum, shi ya sa ake gwadawa. Ni ka ba aikin. Na shuka ƙwayoyi masu rai a faranti mai ramuka casa'in da shida, na zuba hodar, bayan kwana ɗaya na ɗiga ruwan gwaji mai launin rawaya. Ƙwaya mai rai tana mayar da ruwan shunayya, matacciya ba ta iyawa. Na'ura ta karanta launi, ta ce duk suna nan da ransu.

Na biyu. Hankalina bai kwanta ba, domin da na leƙa ta madubi sai na ga ƙwayoyin sun yamutse, sun saki ƙasan faranti suna yawo kamar dusa a kan ruwa. Sai na ware ramukan da babu ƙwaya ko ɗaya, na zuba hoda da ruwan gwaji kawai. Ranka ya daɗe, su ma suka koma shunayya. Sau uku na maimaita. Ashe hodar ce da kanta take rina ruwan, na'ura kuwa tana ba da shaidar rai a ramin da babu kowa. Na koma tsohon gwajin shuɗi, wanda matacciyar ƙwaya ce kaɗai ke shan launi, na ƙirga da idona. Inda hoda ta yi yawa, masu shuɗi sun rinjaya. Na kawo maka littafina da hotuna. Ka duba, ka ce, "Rabi, ba wannan aka tambaye mu ba, kuma mutanen nan jira suke." Rahoto ya fita da sakamakon farko kaɗai, ga sunana a ƙasa a matsayin wadda ta yi gwaji.

Na yi shiru a lokacin, na ce ai takarda ce, a durowa za ta ƙare. Wannan laifina ne, kuma ba na ɗora wa kowa shi.

Na uku, wanda shi ne ya hana ni sukuni. Da kaka na je gida, na biya kasuwar Rogo zan wuce Ruwan Bago gaida Gwaggona. Ina tsakiyar 'yan hatsi na ji lasifika daga kan wata mota tana cewa, "Ku saya hankali kwance, jama'a! 'Yarku ce ta gwada, Rabi ta Turawa!" Sai mai lasifikar ya kama sunan mahaifina ɓaro-ɓaro, sunan da ni kaina ba na iya faɗa a gaban mutane.

Farfesa, a wajenmu ba a karanta rahoto, gida ake tambaya. Baba ya haura shekara talatin yana sayar da wake, kowa ya san bai taɓa zuba fiya-fiya a buhunsa ba, ko da ƙwari za su mayar da shi gari. Mutuncin nan nasa mai lasifika yake sayarwa, hoda kuwa gyara ce. Baba da ya ji an ambaci 'yarsa, murna ta kama shi, ya saya ya barbaɗe buhu goma sha huɗu bai ko kira ni ba. Gwaggo ma ta zuba a nata, ita da take tuyar ƙosai kowace safiya, rabin unguwa da shi suke karyawa.

Na ce ta dakata da tuya, na ce Baba ya kulle ɗakin wake. Ya dube ni ya ce, "Guba ce?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, shekara shida me kike yi a can?"

Na huɗu, don kar in zalunce ka ko kamfanin. Ban ce hodar guba ce ba. Ƙwaya a faranti daban, cikin mutum daban, kuma mai yiwuwa wanki da dahuwa su raba wake da ita. Abin da na ce shi ne ba mu sani ba, takardarmu kuwa ta ce mun sani.

Saboda haka ina roƙon ka janye rahoton a rubuce, ka sanar da kamfanin ya daina kiran sunana da na mahaifina. A sake gwajin da ramukan da babu ƙwaya, da ƙirgar shuɗi, da gwajin da ke nuna ko fatar ƙwaya ta fashe ta yi yoyo. A kuma gwada waken da aka wanke aka dafa, tunda shi ake ci. Baba ya ce zai ba da tiya biyu daga nasa, kuma aikin ba zai wuce mako uku ba in ka sa hannu.

In kuwa shiru ya ci gaba, ranar kasuwar Rogo zan tsaya a gefen motar nan da littafina, in faɗa wa duk mai saye abin da na gani. Na san hakan yana iya raba ni da aikina, kuma ina son aikina. Amma makullin ɗakin waken Baba yana cikin jakata yanzu haka. Shi ya miƙo mini da hannunsa, ya ce kar in dawo masa da shi sai da amsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya yi maka jagora, ya tsare tukunyar gidanka daga abin da ba a san shi ba.

Wassalam.

Ma'aikaciyarka,
Rabi, daga Turawa.