Takardar Filibus

Sabha, 3 ga Maris

Zuwa ga matata Lai'atu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau, ina nan ina aiki a gonar dabino a Samnu, kusa da Sabha.

Na sami 'yan'uwa Baptis a Sabha. Su goma sha huɗu ne, suna sujada a ɗakin wani tela, waƙa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Sai dai ba su yarda da ni ba. Bara wani ya shigo musu da Littafi Mai Tsarki a hammata, ashe ɗan rahoto ne, aka kama mutum uku. Yanzu da na shiga sai hira ta mutu. Ranar jibin Ubangiji farantin gurasa ya tsallake ni, ina zaune kamar buhu. Abin ya yi mini ciwo.

Dattijonsu Istifanus ya ce sai ikilisiyarmu ta gida ta aiko takardar sallama kafin su rubuta ni cikinsu. Ya aika wa Fastonmu saƙo. Don Allah ki tuna wa Malam Barnaba sakataren ikilisiya.

Naki,
Filibus

Sabha, 9 ga Mayu

Lai'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Wasiƙarki ta iso ta hannun Moutari direba.

Wata biyu shiru, takardar sallama ba ta iso ba. Istifanus ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In babu takarda, za su canja wurin sujada ba tare da sun gaya mini ba, in koma ni kaɗai a wannan ƙasa.

Barnaba nake zargi. Tun da aka ba ni shugabancin mawaƙa aka bar shi, gaisuwarsa a baki kawai take. Ki sa masa ido. Ke ma kin ba ni mamaki: kin rubuta zancen kaji, da rufin ɗaki, da bikin Damaris, amma ko kalma ɗaya babu a kan takardar. Me ake ɓoye mini?

Mijinki,
Filibus

Sabha, 26 ga Mayu

Lai'atu,

Ina fatan kun tashi lafiya.

Jiya Fasto ya kira Istifanus a waya a gabana. Ashe Barnaba ya rubuta takardar tun Maris, bawan Allah, na ɗauki alhakinsa. A taron ikilisiya aka tambaya ko akwai mai ja, sai ke kika miƙe. Kika ce maza uku aka sallama da takarda daga cocinmu, babu wanda ya sake taka garin. Kika ce in aka sallame ni aka soke sunana daga littafin ikilisiya, ba ki da sauran shaidar cewa zan dawo.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Istifanus kuwa dariya ya yi har da hawaye, ya ce bai taɓa ganin ɗan rahoto mai irin wannan mata ba. Za su bar ni in riƙa zuwa a matsayin baƙo, na kuwa yarda. A bar sunan inda yake.

Amma Lai'atu, shekara tara muna tare. Abin da kika iya faɗa gaban mutum ɗari biyu, me ya hana ki rubuto mini shi a layi ɗaya? Da tuni na amsa miki: ana sauke dabino zan taho.

Ki ba Barnaba haƙuri a madadina. Ubangiji ya kiyaye ku.

Naki har kullum,
Filibus