Taslima Ta Sha Madara a Kofin Ataya

Yaya Zuleha,

Yau Talata, ana yayyafi, Taslima ta sake ture madararta, kwana huɗu ke nan tun da kika yaye ta. Kina tafiya kasuwa na juye madarar a butar ataya, na riƙa tsiyayowa daga sama kamar yadda muke yi da shayi, har kumfa ta tashi. Na ce, "Wannan na manya ne, ba naki ba." Ta ƙwace, ta shanye, ta ce, "Kawu, ƙara!" Sau huɗu fa!

Kar ki ba ta a kofin roba. Ki ɗaga butar sosai, ki yi kamar za ki hana ta.

Tana wurin Mma, ni na wuce Pusiga. Kofi ɗaya ya fashe, rigata ɗaya ta ɓaci, mota biyu sun tafi sun bar ni.

Mudasiru