Man Inji Mai Kama da Romo

Suame, Kumasi
9 ga Maris

Mahaifina Agya Kwarteng,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyata Maame da duk mutanen Nsuta. Yaya ciwon bayan? Ina fatan ka bar wa ma'aikata saran gonar koko kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san halinka.

Na rubuto ne maimakon in kira, domin a waya kana katse ni tun ban kai tsakiyar magana ba.

Ka san sababbin bas-bas goma sha biyu da ƙungiyar direbobin hanyar Tamale ta sayo bara, waɗanda garejinmu ke yi wa juyen mai. Cikin wata takwas, turbo ɗin biyu daga cikinsu, na'urar nan mai cusa wa inji iska, ya mutu. Ranar Talata na buɗe injin ta biyun da hannuna. Agya, ƙaramin bututun da ke kai wa turbo mai ya toshe da baƙin abu kamar ƙanzon tukunya. Na ɗauko littafin motar na duba, sai na ga 5W-40 suka rubuta. Mu kuwa 20W-50 muke zuba musu, mai kaurin nan da ka koya mini tun ina tsayawa kan akwati kafin in leƙa cikin inji.

Shugaban ƙungiyar, Masta Oduro, ya zo da kansa. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Abrafi, don darajar mahaifinki na bar miki motocin nan. In ta uku ta mutu, zan kwashe su." Ka san in suka tafi, kanikawa shida da iyalansu ne za su rasa abin yi.

Ga abin da ya yi mini nauyi: ina ganin mai kaurin nan bai dace da waɗannan injuna ba. Hanyoyin mai a cikinsu sirara ne, ba irin na tsofaffin bas-bas da ka saba da su ba. Ban ce ka yi kuskure ba. Injunan ne suka canza. Ka yafe mini in maganar ta yi maka zafi.

'Yarka,
Abrafi

Suame, Kumasi
28 ga Maris

Agya,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Maame. Doyar da ka aiko ta iso, mun gode, jikokinka sun sha fufu har sun kasa tashi. Na zazzage buhun har ƙasa ko zan ga takarda, ban gani ba. Na gane.

Bari dai in ba ka labari. Na sayo mai iri uku: namu mai kauri, da sintetik, wato haɗaɗɗen mai na zamani marar kauri, iri biyu, dukansu an rubuta 5W-40 a jikin galan, amma ɗaya ya kusa ninka ɗaya tsada. Ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta ɗumama komai, na jingina tsohon gilashin mota a bango, na tara direbobi, na ɗiga kowane a sama. Sintetik biyun suka gangara suka kai ƙasa, namu bai ko yi rabi ba. Na ce musu haka yake yi a cikin inji kowace safiya: an tayar da mota, turbo yana juyi, shi kuwa yana can yana tafiyar basarake.

Amininka Wofa Bonsu mai sayar da mai yana wurin. Ya lakato sintetik ɗin da yatsa, ya murza, ya ce, "'Yar Kwarteng, wannan mai ne ko romon akuya? A kawo fufu mana!" Aka yi ta dariya. Na ce, "Wofa, lambar farko ta sanyin safiya ce, ta biyu ta lokacin da inji ya ɗau zafi. Romon nan in ya ji wuta ba ya tsinkewa kamar yadda kake zato." Ya ce, "Ji ta! Jiya-jiya nake saya mata alewa, yau tana karanta mini lamba."

Masta Oduro ya yarda a daina zuba mai kaurin, amma nan take ya nuna mai arahar. Ya ce tunda lamba ɗaya ce, me zai sa ya sayi mai tsada? Na ce masa lambar kauri kawai take faɗa, ba ta faɗar asalin man da aka yi shi da shi. Na ba shi misali da miyar kwakwar manja. Wata macen kwakwa take kirɓawa da yawa har miyar ta yi kauri da kanta. Wata kuwa ruwa take cikawa ta kaɗa gari a ciki. A kwano duk ɗaya suke, amma a bar su kan wuta kwana biyu a gani. Sai ya ce, "To a bar su kan wutar."

Mun ware bas biyu, shekarunsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Ta Yaw Donkor ta sha mai araha, ta Kwaku Ampofo ta sha ɗayan. Bayan kilomita dubu bakwai za mu sauke mu gani. In babu bambanci, na sha kunya a gaban duk Suame. Ina jin tsoro, Agya, amma zuciyata ta fi kwanciya fiye da makon da na rubuto maka.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Taka,
Abrafi

Suame, Kumasi
2 ga Mayu

Agyana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Maame. Na ji an yi ruwa sosai a wajenku, Allah ya sa koko ya yi kyau.

Takardarka ta same ni. Layi huɗu ne, babu ko gaisuwa, amma na yi murna da ita fiye da doya. Ka ce in daina kallon galan kawai, in tambayi direbobin me suke yi in sun isa Tamale. Na tambaye su. Dukansu, da sun shiga tasha sai su kashe inji nan take su ruga wajen mai waake, shinkafa da waken nan. Turbo yana ja zur da zafi, mai ya tsaya cak a cikin bututu yana dahuwa. Ashe rabin ƙanzon nan daga nan yake. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Yanzu Masta Oduro ya kafa doka: minti biyu inji yana aiki a tsaye kafin a zare makulli. Yaw yana ta mita wai waake yana hucewa.

Jiya muka sauke man, da zafinsa, a gaban kowa. Na Yaw ya zubo shar kamar ruwan shayi, yana ƙauri. Na Kwaku ya yi baƙi, amma da na murza shi a yatsa da sauran jikinsa, yana da santsi. Muka yanka filta biyun: ta Yaw ta fara tara datti, ta Kwaku fes. Wofa Bonsu ya murza wannan, ya murza wancan, ya goge hannu a wando, ya ce, "Oduro, sayi mai tsadar, kada ka zubar mana da mutunci." Sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni a ina ake sarinsa.

Motocin sun zauna a garejinmu. Har Masta Oduro ya ce wata ƙungiya ta hanyar Sunyani tana tambaya.

Sai layinka na ƙarshe. Ka ce injin niƙan da ka saya wa Maame yana hayaƙi, wane mai nake ganin za ka zuba masa. Agya, shekara ashirin ina tambayarka, yau kai ne ka tambaye ni. Na shiga ofis na rufe ƙofa, don kada kanikawa su ga fuskata.

Kada ka zuba masa komai tukuna. Hayaƙin fari ne, ko shuɗi, ko baƙi? Ba ka faɗa ba, kuma da ni ce na yi maka irin wannan tambayar, da ka kore ni. Ina zuwa ranar Asabar da akwatin kayan aikina mu buɗe shi tare. Ka ce wa Maame ta ɗora miya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Abrafi Kwarteng