Yaya, Na Kasa Bayanin Aikina a Ajinki

Zuwa ga yayata, marigayiya Malama Hadiza,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah ta lulluɓe makwancinki, ina sanar da ke na zo hutu, na sauka Gesse wajen Inna.

Ranar Laraba shugabar makarantar 'yan matan da kika koyar a Argungu ta gayyace ni in yi wa ɗalibai bayanin binciken da nake yi a Turai. Ajinki aka kai ni. Da aka ce ga ƙanen Malama, yara suka miƙe tsaye saboda ke.

Sai na ba ki kunya, Yaya. Na yi ta zuba Turanci, na cika allo da lissafi. Wata ɗaliba a bencin ƙarshe ta roƙe ni in maimaita da Hausa. Na tsaya da alli a hannu, na kasa fassara ko jimla ɗaya. Shugaba ta ce a tafa mini. Da ma zagina aka yi.

A hanyar komawa gida, har na wuce fadamar shinkafa ina jin muryarki: "Yi magana don na baya, na gaba sun riga sun ji."

To bari in gwada a kanki. Muna kama atam, ƙwayoyin da aka gina komai da su, mu sanyaya su har su kusa daina motsi, mu jera su da leza, wani siririn haske mai ƙarfi, kamar ƙwai a kiret. Da su muke kwaikwayon wasu abubuwa masu halin awarwaronki: ko ya lanƙwashe, ko ya lotse, ƙofar tsakiyarsa tana nan sai an karya shi. A irinsu lantarki gefe kawai yake bi, in ya tarar da cikas ya kewaye, ba ya komawa baya.

Kin ga bai fi haka ba, 'yar'uwata.

Na roƙi shugaba ta bar ni in dawo. Ta ce jarrabawa ta kama, sai zango mai zuwa. Ni kuwa jibi zan tashi.

Inna ta tambaye ni yadda aka yi, na ce lafiya lau. Ke kaɗai na iya faɗa wa.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka ƙabarinki, Ya sa iliminki ya bi ki da lada. Amin.

Ƙanenki mai kewarki,
Nasiru